Ƙamshin Hindatu

Ran da Attahiru ya dawo daga Kano da akwatin kwalabe a bayan jaki, 'yarsa Hindatu tana da wata huɗu a duniya, kuma babu abin da ke damunta sai 'yar majina irin ta damina. A riƙe wannan da kyau, domin daga baya mutanen gidan sun yi ta rantsuwa cewa da ciwonta aka haife ta.

Shekara biyu ke nan da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano. Nasara sun kafa turakunsu tsakanin Illela da Ƙwanni, nan ƙasar Ingilishi, can ta Faransi, amma turaku ba su hana mai turare wucewa ba. Gidan su Attahiru gidan turare ne tun kaka da kakanni. Shi yana fatauci. Mahaifiyarsa Umma tana bin gidaje da faifan kaya a ka, kajiji da jawul da humrar da take haɗawa da hannunta. Matarsa Tasalla kuwa, 'yar manoman ƙauyen Araba, nata daka ne da tankaɗe da cika tandu.

A tsakar gida ya buɗe akwatin. Kwalabe ne manya, kowace da takarda manne a jikinta, cike da rubutun Nasara wanda babu mai karanta shi a unguwar. Ya zare toshiyar ɗaya. Tasalla tana can bakin murhu, amma sai da idanunta suka kawo ruwa.

"Man kahur na da kanumhwari, tatacce," in ji Attahiru. "Mai kantin yac ce mura, tari, ciwon haƙori, dut shina kashe su."

Umma ta kai hanci ta shaƙa, ta sake shaƙa. "Ba shi da wani ƙarhi," ta ce.

Gaskiyarta ta faɗa. Wanda ya shekara arba'in a kan kaskon turare hancinsa ya daɗe da mutuwa, shi ne kawai bai sani ba. Uwa da ɗa duk haka suke. Abin da zai sa baƙo atishawa tun daga zaure, su iska ce kawai a wurinsu.

"Abu guda," Umma ta ci gaba. "Mata ba su sayen abin da ba su gani ba ga jikin wani." Tana faɗa tana duban tabarmar da aka kwantar da jikarta.

Hindatu 'yar fari ce, kuma kowa ya san dokar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu in ya yi kuka. Na kaka ne, uwa nono kawai take bayarwa. Tasalla ta iya wannan kunyar fiye da kowa, har ana yaba ta a unguwa. Saboda haka da Umma ta tsiyaya man a tafin hannunta, haka nan tsagwaronsa babu sirki, ta murza a ƙirjin yarinyar da ƙarƙashin hancinta, Tasalla ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tura kara a murhun da wutarsa ta riga ta kama.

Yarinyar ta ɗauke numfashi, sannan ta tsala ihun da ba ta taɓa yin irinsa ba. Majina ta zubo.

"Kun gani?" in ji Umma. "Hanci ya buɗe."

Washegari da hantsi Umma ta goya ta, ta ɗaura majanyi, ta ɗauki faifai. Ba ta dawo ba sai bayan la'asar, bakinta har kunne. Ta zauna ta miƙe ƙafa tana ba ɗanta labari. Duk gidan da ta shiga sai ta sauke yarinyar, ta buɗe mata ƙirji, ta shafa a gaban matan don su gani da idonsu.

"Nac ce masu, jikata ta wagga, jinina. In abin cuta na, ni kan shahwa mata? Nan take sunka hwara kwance bakin zane su biya."

"Gida nawa kinka shiga, Inna?" in ji Attahiru.

"Bakwai."

Tasalla ta karɓi 'yarta ta shiga ɗaki don ba ta nono. Gida bakwai, shafa bakwai. Jikin yarinyar ya yi zafi, kanta yana tashin wari mai yaji har ya cika ɗakin. Ta kama nono, ta saki, ta yi tari, ta sake kamawa.

Kwana uku ana haka. A rana ta huɗu Tasalla ta kwance tsumman da ke ƙirjin yarinyar, tsumman ya ƙi fita sai da ta jiƙa shi. Fatar ta yi ja wur, ta ɗuri ruwa wuri-wuri kamar wadda tafasasshen kunu ya zuba wa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta fita ta tarar da Umma tana ɗura man a ƙananan tanduna, ta durƙusa daga nesa.

"Inna, yarinyar nan, hwatarta ta tashi."

"Dattin ciki na ka hita. Magani in ba shi da zahi ai ruwa na."

"Can gidanmu man shanu ɗai aka shahwa ma jinjiri."

Umma ta ajiye tandu. "Gidanku gero aka nomawa, nan turare aka yi. Kuma yaushe kinka hwara leƙen jikin ɗiyar hwari? Halan kunyar taki ta Araba ta ƙare?"

Tasalla ta ji maganar ta sauka a inda aka nufa. Ta tashi ta koma wurin turmi.

Da azahar ta kai wa mijinta fura a zaure, ta tsaya ba ta fita ba. Ya duba ta.

"Malam, man nan ya hi ƙarhinta. Ba ta numhwashi daidai."

"Inna ta raine ni, ta raini ƙannena shida. Ke guda kinka haihwa, shi ma jiya-jiya." Ya kurɓi fura. "Ki yi haƙuri zuwa Lahadi. Matan Ƙwanni sun ji labari, za su zaka kasuwa. In anka wuce Lahadi sai a bar ta ta huta."

Ba mugu ba ne irin wanda ake nunawa da yatsa. Yana son 'yarsa, har 'yar munduwa ya sayo mata daga Kano. Amma akwai akwati a ɗakin kaya, kuma ga Lahadi tafe. Irin waɗannan mutanen sun fi mugaye ɓarna, don ba sa taɓa jin sun yi laifi.

Ran Juma'a, Umma ta shiga bayan gida, Tasalla ta yi sauri ta sirka ruwa mai ɗumi. Ta wanke ƙirjin a hankali, ta lakato man shanu ta shafa. Yarinyar ta yi ajiyar zuciya irin ta manya, ta yi barci a cinyarta, barcin da ba ta samu ba tun ran da jakin nan ya shigo gidan. Tasalla ta zauna ba ta motsa ba har ƙafarta ta yi sanyi.

Umma ta shigo ta ɗauki yarinyar, ta tusa hanci a wuyanta. Man shanu kam ta ji shi, tunda ba kayan gidanta ba ne.

"Wa yaw wanke ta?"

Tasalla ta sunkuyar da kai. Umma ta juyo kanta.

"Ina gini kina rushewa, ko? In tahi gidan mutane da ɗiya tana ƙarnin man shanu awa ɗiyar Hilani, su ce ƙarya nika yi?"

Daga ranar Hindatu ta koma ɗakin kakarta. Lokacin nono kawai ake miƙo ta, a tsaya a kai, a karɓe.

Akwai wata tsohuwa a maƙwabta, Baraka, unguwarzoma. Ita ta yanke cibin Attahiru, ita ce kuma mai wankan gawar mata a unguwar. Ran Asabar ta shigo aron rariya, tarin yarinyar ya tsayar da ita. Ta karɓe ta, ta ɗaga tsumman, ta yi salati.

"Umma, linzami ya hi ƙarhin bakin kaza. Mi kuka yi haka?"

"Magani na, daga Kano."

"Ko daga Masar na. Ke da ni mun san marigayi maigidanki. Ɗigo guda shika sawa ga ludayin man shanu, shi ma sai yaron da yat taka ƙasa. Mai shan nono ko, ko tuhwahinai anka turara sai an shanya sun sha iska. Kin taɓa shahwa ma Attahiru irin wanga shina jinjiri?"

Umma ta kau da kai. Tasalla tana bakin turmi da taɓarya a hannu, ta ga wannan kau da kan, ta gane surukarta ta sani. Tun ranar farko ta sani.

"Zamani ya sake, Baraka," in ji Umma. "Da babu jirgi, yanzu akwai. Ga rariyakki."

Baraka ta karɓi rariya. A bakin ƙofa ta juyo ta dubi Tasalla, Tasalla ta dubi ƙasa. Tsohuwar ta girgiza kai ta fita.

Ran Lahadi an yi ruwa da asuba, sannan rana ta buɗe da zafin nan mai tururi. Umma ta shafe yarinyar ƙirji da baya, ta goya ta, ta lulluɓe ta da mayafi har ka don kada ƙamshin ya tsere kafin a isa kasuwa. Tasalla ta ga ƙafafun 'yarta biyu suna lilo a kwankwason tsohuwar har suka fice daga zaure. Ta yi shara. Ta wanke tukwane. Ta sake share inda ta share.

Da yamma suka dawo, faifai wayam. Attahiru yana tafe yana dariya, ya ce matan Ƙwanni har rububi suka yi.

"Kuma ku ji ikon Allah," in ji Umma tana kwance majanyi. "Yau ko kuka ba ta yi ba. Ta yi lamo tun hantsi. Jiki ya karɓi magani."

Aka miƙa wa Tasalla ita. Kan yarinyar ya langaɓe a hannunta. Idanun a buɗe suke rabi, leɓen ya yi duhu, ƙirjin yana shiga yana fita da ɗan fito siriri. Tasalla ta sa mata nono a baki. Bakin bai kama ba, nonon ya bi gefen kumatu ya zuba.

"Ba ta sha," ta ce.

"Haƙori na," in ji Umma. "Dasashi ka yi mata ƙaiƙayi. Kawo ta."

Ta tsoma yatsa a kwalba, ta cusa a bakin yarinyar, ta murza sama da ƙasa.

Ba a daɗe ba jikin ya sanƙare. Hannuwan suka dunƙule, idanun suka juye sai fari, ƙafafun suka shiga karkarwa. Kumfa ta fito a gefen baki. Attahiru ya miƙe tsaye yana salati.

Cikin ɗan lokaci gidan ya samo dalilai, kuma ko ɗaya bai shafi kwalba ba. Umma ta ce bakin mutane ne, wata mata mai jan ido ta daɗe tana kallon yarinyar a kasuwa. Attahiru ya ce sun bi ta gindin tsamiya da rana tsaka, ko iska ce ta shafe ta. Umma ta ƙara da cewa dama ta daɗe tana zargin nonon uwar, ruwa-ruwa ne, ba ya riƙe ciki. Aka amso rubutu. Aka rufe ɗakin Umma, aka toshe taga da tsumma, aka zuba garwashi a kasko aka yi hayaƙi don korar iska. Aka ƙara shafa man, saboda an ce aljani ba ya son ƙamshi mai ƙarfi.

Litinin haka ta wuce. Tasalla tana zaune a bakin ƙofar da aka rufe, gaban rigarta ya jiƙe da nono ya bushe, ya sake jiƙewa. Ba ta yi kuka ba. Ba wai kunya ce ta hana ta ba yanzu. Ta nemi kukan a cikinta ta rasa, kamar mai laluben tulu ya ji babu ruwa. Tana jin fiton nan ta bayan ƙyaure, shi kaɗai take saurare a duk duniya.

Ran Talata da hantsi fiton ya fara tsallake. Tasalla ta miƙe, ta tura ƙyauren, ta shiga cikin hayaƙin. Umma tana zaune da tazbaha.

"Ke! Wa yac ce ki shigo?"

Tasalla ta wuce ta. Ta sunkuya ta ɗauki 'yarta ta fito da ita fili, gaban surukarta, gaban mijinta da ya leƙo daga zaure. Ta zauna a inuwar rumbu, ta warware tsummokaran duka ta jefar, ta shiga yi mata fifita da faifai. Iska ta taɓa fuskar yarinyar. Ta ja numfashi mai tsawo. Ta ja na biyu. Tasalla ta jira na uku tana ta fifita.

Tana nan tana fifita har Attahiru ya zo ya riƙe faifan.

Baraka aka kira don wanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da ta kwantar da gawar a kan tabarma, matan da suka zo taimako suka ga ƙirjin, suka ga bayan, suka ga bakin, suka dubi juna. Baraka ta yi wanka na farko, ta yi na biyu. A na ƙarshe Umma ta matso da ɗan ƙullin kafur, yadda aka saba sawa a ruwan gawa.

Baraka ba ta miƙa hannu ba.

"Mai da kahurinki, Umma. Kun gama yi mata wanga tun tana numhwashi."

Umma ta fashe da kuka, ta ce a ji mata wannan tsohuwa, a ranar da ta rasa jika ake gaya mata magana. Mata suka taru a kanta suna ba ta haƙuri. Ita aka rarrasa. Tasalla kuwa, da ta zauna a lungu idonta a bushe, har yaba mata aka yi. Wata ta ce ba ta taɓa ganin mai kunyar ɗan fari irin wannan ba.

Wanka uku bai fitar da man ba, ya riga ya shiga fata. Da aka naɗe ta a ɗan likkafani, Attahiru ya ɗauko ta a hannu zuwa maƙabarta, ƙamshi ya bi su layi-layi. Maza a bakin masallaci suka ɗaga hanci. Wani dattijo ya ce shi dai ya ji daga malamai, gawar da ke ƙamshi alama ce ta rahama. Kafin a dawo daga binnewa magana ta zaga gari: ɗiyar gidan turare ta koma ga Allah tana ƙamshi, 'yar Aljanna ce tun daga nan.

Attahiru ya ji maganar a zaure wurin karɓar gaisuwa, ya share hawaye, ya ce Allah ya sa haka. Da gaske yake kukan. Akwatin kuwa saura rabi.

Kwana uku da rasuwa, da walaha, Tasalla tana zaune a tsakar gida. An ba ta tanduna ta cika, wai don aiki ya ɗauke mata tunani. Tana ɗurawa, tana toshewa, tana jerawa. Sai ga sallamar wata mata, ƙafafunta duk laka, ta ce daga Gidan Katta take. Da goyo a bayanta, goyon yana ɗan tari.

Ta yi gaisuwar rashi yadda ya kamata, sannan ta gyara zama.

"Na ji labarin yarinyar da Allah ya yi ma baiwa. Shi na niz zaka. Man da aka shahwa mata nika biɗa, ko ɗana ya samu albarkacinta."

Umma ta yi ajiyar zuciya, ta ja tazbaha. "Allah sarki. Ai ba don kwananta ya ƙare ba, da kin gan ta nan ɓul-ɓul. Tasalla, miƙo mata guda."

Tasalla ta ɗauki tandu ɗaya. Ba ta miƙa ba. Ta dubi ɗan kan da ya leƙo ta gefen mayafin matar, da gashinsa mai laushi da majina a hanci.

"Watanshi nawa?" ta ce.

"Huɗu."

"Tawa ma huɗu gare ta ran da anka hwara. Majina ɗai taka yi. Kwana goma sha ɗaya tay yi bayan nan." Muryarta ba ta rawa, kamar mai faɗin farashin gero. "Man nan yak kashe ta. Kak ki shahwa mai. Ki tahi gida ki sa mai man shanu."

Umma ta miƙa hannu a hankali ta zare tandun daga yatsun Tasalla, ta juya wurin baƙuwar da fuskar tausayi.

"Ki yi mata uzuri, ɗiyata. Haihuwar hwari ta, rashin ya taɓa mata kai. Tun shekaranjiya haka taka ta sambatu."

Matar ta dubi Tasalla, yarinya ƙarama, kai babu ɗauri, gaban riga duk tabon nono. Ta dubi Umma, da furfurarta da tazbaharta. Goyon ya sake yin tari. Ta sunkuyar da kai, ta fara kwance bakin zanenta.